Babi na Bakwai: Sauya Inji da Giyabos a Tsohuwar Ƙaramar Mota

Motar da ta shekara goma a ajiye, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, yawancin mutane akwala suke kiranta, kuma ba sa yi mata zaton komai sai a miƙa ta ga masu sayen ƙarafa. Amma idan gangar jikinta da ƙarfen da take zaune a kansa ba su ruɓe ba, ana iya ɗora mata wani inji da wani akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, ta koma kan titi da ƙafarta. A wannan babi za mu bi aikin daki-daki, kuma za mu ɗauki mota guda ta zama misalinmu, domin bayanin da bai kama sunan mota ba, ba ya koya wa kowa riƙon sifana.

Motar ita ce Volkswagen Beetle, ƙaramar motar nan mai ƙusumbi wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1938, aka ci gaba har zuwa 2003, lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko. An ƙera fiye da miliyan 21, shi ya sa har yanzu kayan gyaranta ba su ɓace ba. Injinta a baya yake, silinda huɗu ne a kwance, biyu a dama biyu a hagu, kuma iska ce ke sanyaya shi, saboda haka ba ta da lagireto. Abin da ya sa ta dace da mai koyo shi ne wurare huɗu kacal aka ɗaure injin a jikin giyabos. Sai dai wannan sauƙin shi ne ke yaudarar mutane, har su ɗauka kowane injin Beetle zai shiga kowane giyabos na Beetle, alhali kuwa motar ta sha sauye-sauye a tsawon shekarun nan.

Kafin a sayi komai

Kayan aikinku na farko littafin rubutu ne da biro. Ku ɗaga kujerar baya, za ku ga lambar shasi an buga ta a kan ƙarfen da ya ratsa tsakiyar motar. Lambar inji kuma tana jikin injin, a ƙarƙashin mariƙin dinamo. Ku kwafe su harafi bayan harafi, ku sake karantawa da babbar murya, domin daga waɗannan lambobi ake gane shekarar mota da girman inji, kuma a ƙasashe da yawa doka ta tanadi a sanar da hukumar rajistar motoci idan lambar inji ta canza.

Tun da kujerar tana ɗage, ku duba ƙarƙashin batir, domin a nan yake zaune, kuma ruwansa yakan cinye ƙarfen daɓen motar. Ku soka sukurdireba a nan, da kuma dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi. Idan ya nutse kamar a cikin busasshen ganye, to aikin mai walda ne ya kamata ya riga na makanike. Ɓarnar kuɗi ce a ɗora lafiyayyen inji a kan ruɓaɓɓen gindi.

Dacewar inji da giyabos

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Mu ɗauka motarku tana da tsohon inji mai girman 1200, mai ƙarfin doki 34, kuna son ku sa mata 1600, mai ƙarfin doki 50. Akwai abubuwa a tsakanin inji da giyabos da ido ba ya gani idan an riga an haɗa su, don haka tun suna ƙasa ake duba su.

A bayan inji akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai haƙora a gefensa, wanda ake kira fulawil, shi ne sitata ke kamawa ta juya inji. Tsofaffin Beetle suna aiki da wutar volt 6, kuma fulawil ɗinsu haƙora 109 gare shi. Daga wajajen 1967 aka fara komawa volt 12, ko da yake wasu ƙananan samfurori sun ci gaba da volt 6 na wasu shekaru, kuma fulawil na volt 12 haƙora 130 gare shi, ya kuma ɗan fi na da faɗi. Kada ku dogara da maganar mai sayarwa a kan wannan. Ku sa alli a kan haƙori ɗaya, ku ƙirga har ku dawo kan allin, ku rubuta abin da kuka samu. Sitatar volt 6 ba ta dace da haƙora 130 ba, kuma ko ɗan bushin da bakin sitata ke shiga a jikin giyabos ba girmansu ɗaya ba. Bayan haka, faffaɗan fulawil yakan goga jikin ƙoƙon tsohon giyabos daga ciki, wato faffaɗan bakinsa da fulawil ke shiga, sai an goge wurin da garanda kafin ya sami sarari.

Na taɓa tsayawa a kan wani aiki inda aka yi sakaci da wannan. Inji ya shiga, ya rage ratar da ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba, ya ƙi ƙarasawa. Maimakon a janye shi a duba, sai aka ce noti zai jawo shi, aka yi ta ɗaurewa har ratar ta rufe. Da aka sa sifana a juya injin da hannu, ko motsi bai yi ba, domin haƙoran sun cije jikin giyabos. Aka kwance komai aka koma farko, aka ga garin ƙarfe fari fat a cikin ƙoƙon. Dokar da za ku riƙe ita ce, inji da hannu yake shiga har ya manne. Idan ya ƙi, akwai abin da ya tokare shi, kuma noti ba maganinsa ba ne.

Sai kuloci. Faifan kuloci na tsofaffin injuna galibi milimita 180 ne, na 1600 kuma milimita 200, kuma dole faifan ya dace da fulawil. Abin da aka fi mantawa shi ne boris ɗin da ke danna kuloci, wanda ke zaune a jikin giyabos. Kafin 1971 boris ɗin ba shi da bututun da yake zamewa a kai, don haka faifan matsi, wato wanda ke matse faifan kuloci a jikin fulawil, yana da zobe a tsakiyarsa wanda boris ke dannawa. Daga 1971 aka sa bututun, aka cire zoben. Ma'ana, faifan matsi yana bin shekarar giyabos ne a wannan fuska, ba shekarar inji ba. Wanda ya haɗa su a karkace zai ga kuloci ya ƙi sakin giya, ko ya lalace cikin ɗan lokaci, kuma babu hanyar gyara sai an sake sauke inji.

Shi kansa giyabos yana da lissafinsa. A cikinsa akwai haƙoran ƙarshe da ke miƙa juyi ga tayoyi, kuma ana rubuta ƙimarsu da lamba: 4.375 a yawancin masu 1200 da 1300, 4.125 a masu 1500, sai 3.875 a wasu 1600 na baya-bayan nan. Lambar tana nufin sau nawa ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke tura babban zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya. Babbar lamba tana ba mota kuzarin tashi da hawan tudu, amma inji yana kuka a doguwar hanya. Ƙaramar lamba tana sa inji ya huta a gudu, amma tana bukatar ƙarfi. Idan aka sa ƙaramin inji a giyabos mai 3.875, mota za ta yi nauyin ƙafa. Idan aka sa 1600 a mai 4.375, za ta yi tafiya lafiya, sai dai za ta fi shan mai da yawan ƙara. A ganina wanda zai fi yin doguwar tafiya ya nemi 4.125 ko ƙasa da haka.

Akwai kuma nau'i biyu na shaf ɗin tayoyin baya: tsohon nau'i mai gaɓa ɗaya a kusa da giyabos, da wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1960 mai gaɓa biyu a kowane gefe. Mai koyo ya sayi giyabos irin nau'in da ke motarsa, domin sauya nau'i yana bukatar walda a jikin shasi da gwaninta.

Saukewa da ɗorawa

Ku fara cire wayar batir ta gefen da aka haɗa da jikin mota. Ku tsiyaye baƙin mai, ku cire tiyon fetur ku toshe shi, kuma kada a kusanto da wuta ko taba. Kowace waya da za ku cire, ku manna mata takarda ku rubuta inda take zuwa, notuna kuma a zuba su a gwangwani daban-daban da suna a jiki. Ku sa wa tayoyin gaba waigi, ku ɗaga bayan mota, ku zaunar da ita a kan turakun ƙarfe. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne.

Injin ya haura kilo 100, saboda haka aikin na mutum biyu ne. A tallafe shi da jak mai taya, da katako a tsakani, a kwance ɗauri huɗun nan da sifana mai lamba 17, a janyo shi baya a hankali har ya saki shaf ɗin giyabos, sannan a sauke shi ƙasa. Giyabos kuma sai an raba shi da sandar giya, ta wata 'yar murfi da ke ƙarƙashin kujerar baya, da wayar kuloci, da tiyon birki, da shaf ɗin tayoyi.

Robobi uku ne ke riƙe giyabos, ɗaya a gaba biyu a baya, kuma tun da injin a jikin giyabos yake rataye, su ne ke ɗauke da nauyin duka. A sa sababbi ko da tsofaffin suna da kyan gani. Kafin a ɗora inji, a auna wasan karanshaf, wato babban shaf ɗin inji da fulawil ke ɗaure a kansa, gaba da baya, wanda ya kamata ya kasance tsakanin milimita 0.07 da 0.13, a sauya robar da ke hana baƙin mai yoyo a bayan fulawil, a ɗaure babban notin fulawil mai lamba 36 da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a daidaita faifan kuloci a tsakiya sosai. Sannan a ɗaga, a tura, ana ɗan juya injin da hannu har haƙoran shaf su faɗa mazauninsu.

Kada a raina kwanukan da ke kewaye da injin da robar da ke zagaye da su. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa, kuma injin da babu ruwa a cikinsa da iskar nan yake rayuwa. Wanda ya bar kwano ɗaya a ƙasa don yana ganin ado ne, injinsa zai riƙa shaƙar zafin salansa har ya ƙone bawul, kuma a injunan da suka riga 1971 silinda ta uku ce ke fara galabaita, domin na'urar sanyaya mai tana tare mata iska.

Tayarwar farko

A zuba baƙin mai lita biyu da rabi, a cika giyabos da man giya mai lamba 90 har ya kai bakin ramin zubawa. A daidaita ratar bawul milimita 0.15 tun inji yana da sanyi, a bi wayoyin fulogi bisa tsarin tashin wuta, wato 1-4-3-2. Fedar kuloci ta sami wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ta fara kamawa. Duk tiyon fetur a sa sabo a ɗaure bakinsa, domin yoyon fetur a kan inji mai zafi shi ne sanadin gobarar da ta ci da yawa daga cikin motocin nan. Idan an koma volt 12, to ƙwan fitilu da kwayil da sitata da injin share gilashi duk sai sun bi.

A fara juya inji ba tare da wutar fulogi ba har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya, sannan a tayar da shi a fili inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri. A saurara, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Tun da ƙarfin motar ya ƙaru, a fitar da iskar da ta shiga birki, a duba takalman birki, a gwada tsayawa a hankali a wurin da babu jama'a kafin a hau titi. Bayan tafiyar kilomita kaɗan na farko, a bar inji ya huce, a sake auna bawul, a sake bin notuna.

Aikin yi kafin darasi na gaba

Ku ja layi a tsakiyar shafin littafinku, ku rubuta "inji" a dama, "giyabos" a hagu. A ƙarƙashin inji ku rubuta lambarsa, da yawan haƙoran fulawil, da faɗin faifan kuloci. A ƙarƙashin giyabos ku rubuta nau'in boris, da nau'in shaf, da volt ɗin sitata. Daga nan ku amsa wannan tambaya a rubuce da cikakkiyar jimla: idan fulawil yana da haƙora 130, giyabos kuma na motar 1964 ne, waɗanne abubuwa ne za a gyara ko a sauya kafin a ɗora injin?