Kurakuran da aka fi yi wajen sarrafa fiffike mai igiya na samar da lantarki

Ɗalibanmu masu karatun injiniya a Jidda da Riyad sun fara shiga wannan fanni, inda ake sakin fiffike ɗaure da igiya ya hau sama ɗaruruwan mitoci, yana jan igiyar tana juya gangar naɗi, gangar kuma tana juya janareta a ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta wa fiffike manhajar tuƙi, a ba ganga tata daban, kamar ba ruwan wani da wani. Igiya ita ce linzami, kuma da zarar ganga ta sake ta da sauri fiye da kima sai ta yi sako-sako, fiffike ya daina jin umarni, ya rikito. Lissafin da injiniya Miles Loyd ya yi a 1980 ya nuna cewa an fi samun wuta idan ana sakin igiya da kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun iska. Gyaran shi ne ganga ta riƙa bin ƙarfin jan igiya, musamman lokacin naɗo igiyar bayan an gama sakinta, sa'ad da aka rage wa fiffike ƙarfi.

Wasu kuma suna dogaro da kusurwar igiya a bakin ganga don sanin inda fiffike yake, alhali doguwar igiya tana lanƙwasa, labarinta kuma yana zuwa a makare. Dole a haɗa wannan awo da na GPS da na'urar auna juyi da ke jikin fiffiken. Idan fiffike yana zagaye ta gefe ɗaya igiya takan murɗe, shi ya sa aka fi sa shi bin siffar 8 a kwance.

A ganina, abin da ya fi haɗari a Saudiyya shi ne yarda da awon iskar ƙasa. Da dare hamada takan yi tsit a ƙasa yayin da iska ke gudu a sama, kuma idan gudunta ya ninka biyu, jan igiya yakan ninka huɗu. Zafi ma yana rage nauyin iska, don haka saitin da aka gwada a Holan sai an sake daidaita shi a nan, a kuma tanadi umarnin sauka kafin ƙurar shamal, iskar da ke kaɗowa daga arewa maso yamma, ta taso.

Sauka ce ake bari sai ƙarshe. A 2019 fiffiken kamfanin Makani ya faɗa teku a Norwe wajen sauka, shi ya sa ya kamata a gwada ta sosai a kwamfuta tun kafin tashin farko.