Idan maigida ko uwargida baƙon ƙasa ne, ga abin da za ku fara shiryawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar uwa ta tambaya yadda mijinta da ke Faransa zai samu bizar ziyara ya zo Maraɗi. Hajiya, a ambasad ɗin Nijar zai nema, tun kafin ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa.

Ke kuma aikinki na nan gida. Ki je meri (ofishin magajin gari) ki yi takardar shaidar masauki, wadda ke nuna a gidanku zai sauka, a buga mata hatimi. Ki haɗa da takardar aurenku. Nan ne da yawa ke makalewa: an ɗaura aure gaban liman da shaidu, amma ba a rubuta shi a meri ba. Auren ya halatta, sai dai ma'aikacin ambasad takarda yake dubawa.

Fasfonsa ya zama da sauran wata 6 aƙalla. Allurar rigakafin cutar shawara dole ce, kuma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10, don haka ya yi ta da wuri.

In zai wuce kwanakin bizar, a Yamai ake ƙara su, ku je kafin ta ƙare.