Yadda ake sa kibod ya ja ragamar kiɗa a sikwensa

Kibod ɗin da makaɗanmu ke kira fiyano abu biyu ne a akwati ɗaya: madannan da yatsu ke taɓawa, da injin da ke fitar da sauti. Haɗa shi da sikwensa, wato manhajar da ake naɗar kiɗa da tsara shi a kwamfuta, FL Studio ce ko Cubase, bai wuce a raba waɗannan biyun a zaunar da kwamfuta a tsakaninsu ba.

Kafin ka taɓa waya, ka san cewa MIDI, wato harshen da kibod ke magana da kwamfuta da shi, ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Saƙo yake kaiwa: an danna madanni kaza, da ƙarfi kaza tsakanin 1 da 127, an saki. Tun 1983 kamfanoni suka amince da wannan tsari, bisa jagorancin Dave Smith na Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, shi ya sa tsohon kibod na gwanjo yake iya magana da sabuwar kwamfuta har yau.

Fara da jona wayoyi. Idan Yamaha PSR gare ka, duba bayansa za ka ga ramin da aka rubuta USB TO HOST. Wayar firinta ce ke shiga nan, ɗaya bakin kuma ya tafi kwamfuta. Idan Windows ba ta gan shi ba, sauke direban USB-MIDI, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kibod, daga shafin Yamaha. Tsofaffin kibod kuwa ramuka masu fil biyar gare su, kuma ƙa'idarsu ita ce OUT na kibod ya shiga IN na kwamfuta, OUT na kwamfuta ya dawo IN na kibod. Ina ba da shawarar a guji wayoyin nan na MIDI zuwa USB masu arha marasa suna, domin sukan zubar da saƙo a hanya, ka saki madanni amma sauti ya maƙale yana ta kuka. Gara katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta ta kuma fitar da shi, mai ramin MIDI a jikinsa. Sannan ka ja wayar sauti daban daga OUTPUT na kibod zuwa mikisa ko katin sauti.

A FL Studio danna F10, nemi sunan kibod ɗinka a jerin Input, ka kunna Enable. A Cubase yakan bayyana da kansa. Kai dai ka tabbatar MIDI Thru Active a kunne yake.

Yanzu sai babban aikin, wanda nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Shiga Function ko Utility na kibod, nemi MIDI, ka mayar da Local Control zuwa Off. Ga dalili. Idan yana On, duk madannin da ka taɓa zai buga injin kibod kai tsaye, ya kuma aika saƙo kwamfuta, ita kuma ta dawo da shi ga injin nan dai. Sauti ɗaya ya fito sau biyu ke nan, kusan a tare, sai ka ji shi siriri kamar mai magana ta hanci. Bayan haka adadin sautukan da kibod ke iya fitarwa lokaci guda ya ragu da rabi: mai 32 ya koma 16, sarewa na shigowa sai garaya ta yanke. Wani abin haushin kuma, ka zaɓi ganga a cikin manhaja amma fiyanon kibod yana bin ka a ƙasa. Da ka kashe Local, madannai sun daina magana da injin, sai abin da sikwensa ta tura masa.

Kada ka firgita idan kibod ya yi tsit bayan nan. Bai lalace ba, jira yake ka zaɓi layin kiɗa, wato track, da zai buga a kwamfuta. Kuma kibod da yawa suna komawa On da zarar an kashe su, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareto, sake dubawa.

Sai rabon tashoshi. MIDI yana da tasha 16, kowace da kayan kiɗanta, kuma tun tsarin General MIDI na 1991 aka ware ta 10 don ganguna. Bar kibod yana aikawa a tasha ta 1 kawai, kada ka riƙa canza ta da hannu. Sikwensa ce za ta karkatar da saƙon zuwa tashar layin da ka zaɓa. A FL Studio, idan sautin kibod kake so ba na manhaja ba, buɗe MIDI Out, ka ba shi lambar Port daidai da wadda ka sa wa kibod a jerin Output, sannan ka zaɓi tasha. Saka lambar sautin, wato Bank da Patch, a nan cikin aikin, don gobe idan mawaƙi ya dawo gyara kada a tarar bes ya zama algaita. Idan kibod ɗin mai raka kiɗa da kansa ne, kashe ACMP, in ba haka ba hannun hagunka zai cika layin da abin da ba ka buga ba.

Idan kuwa kana son salon gangar da ke cikin kibod ya tafi tare da aikin, agogo ɗaya za su bi. Kunna Send master sync a FL Studio, ka sa Clock na kibod a External. Daga nan ba zai tashi ba sai kwamfuta ta tashi.

Jinkiri tsakanin yatsa da kunne ba laifin MIDI ba ne galibi, daga katin sauti yake. Zaɓi direban ASIO, ka rage Buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 256 ko 128. A 44,100 Hz, jinkirin 256 bai cika kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Idan sauti ya fara ƙarce-ƙarce, ƙara shi kaɗan.

Kafin ka fitar da waƙar, duk layin da ke amfani da injin kibod sai ka naɗe shi a matsayin sauti ta katin sauti, ɗaya bayan ɗaya idan kana son gyara kowanne daban. In ka tsallake wannan, MP3 ɗin zai fito babu waɗannan layukan.