In takardar sirrin sojoji ta faɗo maka a waya, ga yadda za ka yi

Da farko dai riƙe yatsanka, kar ka tura. Mu nan Kano da an ga takarda mai tambarin soja sai kowa ya koma ɗan jarida, kafin a kira la'asar ta gama zaga guruf ɗin 'yan Kwari da na 'yan Farm Centre. To dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma ba wanda ya fitar kaɗai take kamawa ba, har wanda ya kwafa ko ya ajiye ba izini, ɗaurin ma zai iya kai shekara 14. "Ni ma turo min aka yi" ba za ta fisshe ka gaban alƙali ba.

Sai ka nutsu ka karanta, abin da ya riga ya faru take faɗa ko wanda za a yi? In ta nuna an cinye kuɗin makamai ko alawus ɗin sojoji, wannan kam talaka na da haƙƙin sani. Amma in ranar tashin ayari ce da hanyar da za su bi, wallahi yaɗa ta taimakon masu kwanton ɓauna ne, kuma yaran da ke cikin motocin nan 'ya'yan wasu ne, ƙila ma daga barikin Bukavu wasunsu suka taso. Ko Daily Trust da girmanta, a Janairun 2019 sojoji sun dirar wa ofisoshinta na Maiduguri da Abuja kan labarin shirin ƙwato Baga, suka tafi da ma'aikata da kwamfutoci, balle kai mai wayar hannu ba lauya ba edita.

In ta ɓarna ce, kai wa gogaggen ɗan jarida hannu da hannu ya tantance, don jabu sun yi yawa. Kuma kar a wallafa hoton takardar kanta, wasu firintoci na barin 'yan ɗige-ɗigen rawaya da ido ba ya gani, masu nuna injin da lokacin bugawa. A Amurka a 2017 kwafin da 'yan jarida suka nuna wa hukuma ya taimaka aka cafke Reality Winner, matar da ta fitar da wata takardar sirrin gwamnati ga 'yan jaridar, aka yanke mata sama da shekara 5.

Akwai kuma ƙofar gaba, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ka rubuta wa ma'aikatar, kwana 7 gare su su amsa, a riƙe kwafi mai sitamfin karɓa. Suna iya fakewa da tsaro su hana, nan sai kotu cikin kwana 30.