Yadda ake haɗa katin girafik na waje da laftof don aikin bidiyo da zane

Duk mai tace bidiyo ko zanen 3D a kwamfutar tafi-da-gidanka ya san inda take kasawa. Da an ɗora gyaran kala a kan bidiyon 4K, ko an ce manhajar zanen 3D ta Blender ta fitar da hoto, sai fanka ta hau kuka, bidiyo ya riƙa tsalle-tsalle, aikin da bai kamata ya wuce 'yan mintuna ba ya ci sa'o'i. Sau da yawa katin girafik ɗin cikinta ne ya yi ƙarami, kuma a yawancin laftof ba a cire shi a sa wani, domin a manne yake da allon injin. Dabarar da aka samo ita ce a ɗauko kati irin na kwamfutar tebur, a sa shi cikin akwati mai wutarsa da fankarsa, a jona shi da laftof da waya ɗaya. Shi ake kira eGPU.

Abin yana aiki, amma ba kowane irin aiki yake amfana ba, kuma rabin nasarar tana cikin binciken da ka yi kafin ka sayi komai.

Fara tabbatar da cewa katin ne matsalar

Buɗe aikin da ya fi wahalar da kwamfutarka, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare don Task Manager ya fito, ka shiga shafin Performance, sannan ka kunna bidiyon ko ka fara renda, wato fitar da kammalallen hoto ko bidiyo, kana kallon layukan. Idan layin GPU, wato katin girafik, ya cika maƙil, ko ƙwaƙwalwar katin ta ƙare alhali furosesa tana hutawa, kati na waje zai taimake ka. Idan kuwa furosesa ce ke kan kashi 100, ko RAM ce ta cika, to ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma ko kati mafi ƙarfi a duniya ka jona, aikin zai ci gaba da jan ƙafa.

Ayyukan da suka fi cin moriyar kati su ne renda da injin Cycles a Blender, gyaran kala da rage dusashewar hoto a DaVinci Resolve, Denoise na Lightroom, da manhajojin da ke ɗaga ingancin tsohon bidiyo da ƙirƙirarriyar basira. Waɗanda ba su cika jin bambanci ba su ne zane da buroshi a Photoshop, aikin Illustrator, haɗa sauti, da babban kaso na After Effects, wanda ya fi jingina da furosesa da RAM.

Akwai dalilin wannan bambanci, kuma ya kamata ka fahimce shi da kyau domin duk sauran shawarwarin daga nan suka taso. A kwamfutar tebur, kati yana zaune a kan layukan PCIe guda 16, wato hanyoyin da bayanai ke bi tsakaninsa da furosesa. Ta wayar Thunderbolt 3 ko 4, irin wadda ake jona akwatin da laftof da ita, layuka huɗu kawai yake samu, wato kusan gigabait 4 a daƙiƙa maimakon kusan 16 a ma'aunin PCIe 3.0, kuma a aikace bai ma kai huɗun ba. Kamar babban shagon aiki ne mai ƙaramar ƙofa: idan kayan za su shiga sau ɗaya a daɗe ana sarrafa su a ciki, ƙanƙantar ƙofar ba ta dami kowa ba, amma idan kullum ana shiga da fita da su, a bakin ƙofa za a ɓata lokaci. Renda a Blender irin na farko ne, ana loda zanen cikin katin ya yi ta lissafi shi kaɗai, shi ya sa saurinsa ke kusan kamo na kwamfutar tebur. Kunna bidiyo mai nauyi a layin tacewa irin na biyu ne, kowane hoto sai ya shiga ya fito, don haka ribar ba ta kai ta renda.

Duba ramin da ke jikin laftof ɗinka

Nan mutane suka fi yin asara. Ramin USB-C iri ɗaya ne a ido, amma abin da ke bayansa ya sha bamban. Wani caji kawai yake yi da ɗaukar fayil, wani yana fitar da hoto zuwa monita, wani kuma yana ɗauke da PCIe, kuma wannan na ƙarshen kaɗai ne zai ga kati. Nemi alamar walƙiya a gefen ramin, sannan ka tabbatar a takardar bayanin ƙirar kwamfutarka, da lambarta daidai, ba sunan jerinta kawai ba.

Thunderbolt 3, wanda Intel ta fitar a 2015, yana da gudun gigabit 40 a daƙiƙa, sai dai wasu laftof na farkon zamaninsa layuka biyu kawai aka haɗa masa maimakon huɗu. Thunderbolt 4 na 2020 ya wajabta gigabit 32 na PCIe, wato gigabait 4 ɗin nan na layuka huɗu, don haka ba shi da wannan shakkar. Thunderbolt 5 ya ninka shi zuwa 64. USB4 kuwa, wanda aka fi samu a kwamfutocin AMD, ɗaukar PCIe a cikinsa zaɓi ne ga kamfanin da ya ƙera na'urar, saboda haka sai ka ga an rubuta shi ƙarara. Akwai kuma wani rami dabam da ake kira OCuLink a wasu ƙananan kwamfutoci, mai layuka huɗu na PCIe 4.0 kai-tsaye. Ya fi Thunderbolt 4 gudu, amma ba ya cajin kwamfuta kuma ba a cire shi ko a jona shi tana kunne.

Ga masu Mac magana ɗaya ce. Apple ta fara karɓar kati na waje a macOS 10.13.4 a 2018, a kan injina masu furosesar Intel da Thunderbolt 3, kuma katunan AMD kawai. Duk Mac mai M1, wanda ya fito a 2020, da waɗanda suka biyo bayansa, ba sa aiki da kati na waje don waɗannan ayyuka, duk da cewa ramin Thunderbolt na nan a jikinsu. Idan irinsa gare ka, kada ka sayi akwatin.

Zaɓen kati da akwati

Manhajarka ce za ta zaɓa maka kati. A Windows, mai Blender ya fi samun sauƙi da katin Nvidia na jerin RTX saboda OptiX, fasahar da ke hanzarta renda, kuma manhajoji da dama an gina su ne a kan CUDA, tsarin sa kati yin lissafi, wanda na Nvidia ne kaɗai. Katunan AMD suna aiki a Blender ta hanyar HIP, nasu tsarin, kuma suna yin ƙoƙari a Resolve.

A ganina, yawan ƙwaƙwalwar katin ya fi lambar ƙirarsa muhimmanci ga mai aikin fasaha. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin da zan amince da shi ga bidiyon 4K, kuma 12 ko 16 ya fi kwanciyar hankali. Idan zane ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kati, sai ya fara aro daga RAM ɗin laftof, kuma wannan aron ta siririyar wayar nan zai bi, nan take saurin ya zube. Haka kuma ba na ba da shawarar sayen kati mafi girma a kasuwa don Thunderbolt 3 ko 4, sai dai idan renda zalla kake yi. Matsakaicin kati mai ƙwaƙwalwa isasshiya ya fi dacewa da abin da wayar za ta iya ciyar da shi.

Akwatin kuma abu uku za ka auna: tsawo da kaurin katin, wutar da yake ja, da irin filogin wutarsa. Razer Core X, alal misali, yana da na'urar wuta mai wat 650, yana kuma ba laftof har wat 100 na caji ta waya ɗaya. Kamfanin Sonnet ya fitar da jerin Breakaway Box, Akitio kuma ya fitar da Node. Katin RTX 4070 yana jan kusan wat 200, RTX 4090 kuwa 450, kuma girman na biyun bai shiga akwatuna da yawa. Auna da ma'auni, kada ka dogara da hoto.

Haɗawa

Kafin ka taɓa komai, sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta, da direban Thunderbolt, wato manhajar da ke sa Windows ta gane ramin, daga shafin kamfanin laftof ɗinka. Idan faifanka na kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, ka fara ajiye lambar buɗe shi a wani wuri dabam, domin sauyi a BIOS kan sa ya nemi ita.

Cire akwatin daga wuta, ka buɗe shi, ka taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka. Riƙe katin ta gefe, ka saita shi da ramin, ka danna a hankali har maƙalin ya ce ƙas, sannan ka ɗaure sukurori. Jona wayoyin wuta duka, kada ka bar rami ko ɗaya na katin a buɗe. Idan filogi mai ƙananan ramuka 16 ne irin na jerin RTX 40, ka tura shi har ƙarshe ta yadda babu ko ɗan gibi, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da bakin filogin. Wanda bai zauna daidai ba yana yin zafi har ya narke.

Yi amfani da wayar da ta zo cikin kwalin akwatin. Gajera ce, galibi rabin mita zuwa santimita 80, kuma da gangan aka yi ta haka, domin doguwar waya ba ta riƙe gigabit 40 sai idan tana da na'urar ƙarfafa sigina a ciki. Wayar caji ta USB-C za ta shiga ramin lafiya lau amma kati ba zai bayyana ba.

Kunna akwatin, ka jona shi da laftof. A wasu injina Windows za ta tambaye ka ko ka amince da sabuwar na'urar Thunderbolt, sai ka zaɓi ta riƙa haɗuwa kullum. Buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Display adapters, ya kamata ka ga sabon abu ko da bai fito da sunansa ba tukuna. Sai ka sauke direba daga shafin Nvidia ko AMD. Ga Nvidia, ɗauki Studio Driver, wanda aka fi gwadawa da manhajojin fasaha. Idan laftof ɗin na da nata katin na kamfani ɗaya, direba guda ce za ta kula da su biyun, don haka ka tabbatar ta san dukansu.

Idan alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ta fito, karanta lambar. Lamba 12 na nufin Windows ba ta samar wa katin gurbi ba, kuma sabunta BIOS ko jona akwatin kafin a kunna kwamfuta kan warware ta. Lamba 43 yawanci rikicin direba ce: goge tsohuwar gaba ɗaya da manhajar Display Driver Uninstaller, ka sake sa sabuwa.

Yanzu ga shawarar da ta fi kowace kawo bambanci a wannan mataki: jona monita a bayan katin kai-tsaye, ta HDMI ko DisplayPort, ka mai da ita babban allonka. Idan ka ci gaba da kallo a allon laftof, duk hoton da katin ya gama sai ya sake komowa ta wayar nan, ya ci gurbin abin da ke kan hanyar shiga. Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata ka jona faifan da bidiyonka ke ciki a jikin akwatin ba. Kai shi wani rami, zai fi kyau na ɗaya gefen, domin ramuka biyu na gefe guda sukan yi tarayya a na'ura ɗaya.

Sanar da manhaja

Ganin kati a Windows ba ya nufin manhaja ta fara aiki da shi. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka ƙara manhajarka, ka ba ta High performance tare da tabbatar da cewa sunan sabon katin ne a wurin.

A Blender, je Edit, Preferences, System, ka zaɓi OptiX ko HIP, ka sa alama a kan sabon katin kaɗai, ka cire ta daga furosesa da ƙaramin katin ciki. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali saura guda: a shafin Render sai ka sauya Device zuwa GPU Compute, in ba haka ba furosesa ce za ta ci gaba da aikin. A Resolve, shiga Preferences, Memory and GPU, ka cire Auto, ka zaɓi katin da hannunka, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Resolve na kyauta kati ɗaya yake sarrafa hoto da shi, shi ya sa zaɓin ke da muhimmanci. A Premiere Pro, duba Project Settings ka ga Mercury Playback Engine na kan GPU Acceleration. A Mac mai Intel, danna Get Info a kan manhajar ka sa alama a Prefer External GPU.

Kada ka kashe ƙaramin girafik na Intel da ke cikin furosesa. Kyamarori da yawa suna ɗaukar bidiyo a nau'in H.265 mai bit 10 a tsarin kala na 4:2:2, kuma katunan Nvidia da suka gabaci jerin RTX 50 ba sa warware shi da kansu, amma Quick Sync, sashen warware bidiyo na furosesar Intel, daga ƙarni na 11 yana yi. Idan ka bar shi a kunne, shi zai buɗe bidiyon, babban katin ya ji da kala da ado. Idan har yanzu bidiyon na tsalle, yi masa ƙananan kwafi na tacewa, domin wannan ciwon ba na kati ba ne.

Daga nan ka sake fitar da aikin da ka gwada tun farko, da saiti iri ɗaya, ka kwatanta lokacin, kana kallon Task Manager don ka ga sabon katin ne ke motsi. Laftof ta kasance a jone da caji kuma a yanayin aiki mafi ƙarfi, domin idan furosesa ta rage gudu saboda batir ko zafi, katin zai zauna yana jiran ta.

Lokacin tashi, adana aikinka, ka rufe duk manhajar da ke amfani da katin, sannan ka zare wayar. A Mac akwai alamar cire shi a saman allo. Zare shi ana tsakiyar renda yana rufe manhaja ba sallama, wani lokaci ya kifar da Windows gaba ɗaya. Mai OCuLink kuwa sai ya kashe kwamfutar ɗungurungum kafin ya taɓa wayar.