Yadda za ka sa yara su koya wa junansu Turanci a ajin ƙauye

Malamai 'yan uwana na firamare, musamman mu na cikin ƙauyuka irin su yankin Ringim, Gumel ko Wudil, kowa ya san yadda ajin yake. Yara cike da ɗaki wasu a benci wasu a ƙasa, littafi ɗaya an yi masa caa, kai kuma kana gaban allo kana faɗa suna maimaitawa da ƙarfi har ajin kusa na ji, amma ka ware yaro ɗaya ka ce ya karanta layin shi kaɗai sai ya yi tsuru-tsuru. To ka raba aikin da yaran mana. Ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, a makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo kafin a je gaban malam.

Fara da sanin inda kowa ya tsaya. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya da kati mai haruffa, da kalmomi, da ɗan gajeren labari, sai ka ware su: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai iya karanta labari. Wannan salon ƙungiyar Pratham ce ta Indiya ta fito da shi, kuma shi aka gwada a KaLMA, shirin haɓaka karatu da lissafi na Kano, a Wudil da Dawakin Tofa da 'yan aji 4 zuwa 6. Gwajin nan da Hausa za ka fara yinsa fa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a soma karatun firamare da harshen gida kafin a koma Turanci, kuma gaskiya yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, wadda yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta, in ka jefa shi Turanci haddar aku kawai zai yi maka.

Wajen haɗa su ne ake yawan ɓata abin. Kar ka ɗauki gwanin aji ka haɗa shi da na can ƙarshe, wallahi gwanin zai yi aikin duka ɗayan ya zuba ido. Mai kalma ka haɗa shi da mai harafi, tazarar taki ɗaya kawai. A manyan azuzuwa mata da mata sun fi sakewa, yarinya in ka zaunar da ita kusa da namiji sai ta ja hijabi ta yi gum har a tashi. Kuma uku-uku ya fi biyu-biyu, don ranar kasuwa ko lokacin shuka da girbi dole wani ba zai zo ba.

Ga yadda darasin zai kasance. Ka yanka kwalin taliya, ka zana akuya tana cin ciyawa, ko zanen bai yi kyau ba babu komai dariyar ma tana taimakawa. Kowane rukuni su fara tattaunawa da Hausa, me suka gani, akuyar me take yi, sannan su haɗu su ƙera jimla ɗaya ta Turanci, "The goat is eating grass", kowa ya faɗa da bakinsa, ɗaya ya rubuta a bayan katin. Sai a yi musayar kati da rukunin kusa. Kai kuma kana zagayawa kana kasa kunne, a nan za ka ji masu cewa "fan" a wurin "pan", tunda p da f sun saba rikita mu. Aji zai yi hayaniya, ka gaya wa hedimasta tun da wuri kar ya zaci faɗa ake.

Shi mai taimakon ma sai ka koya masa. Ba ya faɗin amsa nan take, ya ƙirga biyar a zuciyarsa, ya nuna harafin farko, in abin ya gagara sannan ya faɗa. Kuma don Allah kar a ba shi bulala, da ka ba yaro tsumagiya ya zama monita, koyarwa ta ƙare.

Sai mu kanmu malamai. Takardar shaidar malanta ta NCE ba ta hana mutum jin nauyin yin Turanci a gaban abokan aiki, bitar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ko ta cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) kuwa sai jefi-jefi kuma ba kowa ake kira ba. Ku ware rabin awa ranar Alhamis bayan an tashi, ɗaya ya koyar da darasin sati mai zuwa sauran su zauna a matsayin ɗalibai, wanda ya je bita ya juye wa 'yan uwa abin da ya samo. Kalmar da ta shige muku duhu a tura ta guruf ɗin WhatsApp wani ya faɗe ta da murya. Ranka ya daɗe hedimasta, in za ka zauna a wurin to ka bar rajista da jan biro a ofis.