Yadda Ɗan Zango Zai Zauna a Ƙasar Sin: Takardu, Filin Kwando da Neman Aure

Duk lokacin da na dawo unguwarmu ta Nima a Accra daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, samarin da ke majalisar shayi ta bakin layinmu tambayoyi uku suke jera mini: nawa ne kuɗin jirgi, nawa ake sayar da waya a can, kuma da gaske ne Sinawa suna ba baƙar fata aure? Abin da ba su cika tambaya ba shi ne yadda mutum zai yi wata shida a garin da ba ya jin harshen mutanensa ba tare da ya faɗa hannun hukuma ba, ko kaɗaici ya cinye shi a ɗaki. Domin ƙannenmu na Nima, Maamobi, Fadama da Madina masu shirin tafiya fatauci ko karatu na rubuta wannan bayani.

Ka fara da biza, ɗan'uwa, domin a jikinta komai yake rataye, har ƙwallon da za ka buga da yarinyar da za ka nema. Biza mai harafin M ta 'yan kasuwa ce, mai harafin Z ta wanda aka ɗauka aiki ce, X1 ta ɗalibin da karatunsa zai wuce kwana 180 ce, X2 kuma ta gajeren karatu. Mai Z ko X1 dole ne ya nemi takardar izinin zama cikin kwana 30 da shigarsa ƙasar. Akwai kuma wata ƙa'ida da mutanenmu suke raina wa har sai ta cije su: duk baƙon da ya sauka a gidan haya ko a ɗakin ɗan'uwansa, wajibi ne ya yi rajistar wurin kwanansa a wajen 'yan sandan unguwar cikin awa 24. Idan a otal ka sauka, su ne za su yi maka, amma ba kowane masauki ne yake karɓar baƙon ƙasar waje ba, don haka ka tabbatar kafin ka biya. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare yana cikin ƙasar, dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta tanadar masa tarar yuan 500 a kan kowace rana, har zuwa yuan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Ka riƙa yawo da fasfonka. Waɗanda suke Guangzhou a watan Afrilu na 2020, lokacin da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal da sunan yaƙi da korona, sun ga amfanin mutum ya kasance takardunsa a kammale suke kuma yana da lambar ofishin jakadancin ƙasarsa a waya.

Kafin ka bar filin jirgin Accra, ka sa WeChat da Alipay a wayarka, ka haɗa su da katin bankinka, domin a can har mai sayar da dankali a bakin titi da waya ake biyansa, kuma takardar kuɗi ta zama abin da ake juyawa ana neman canji. WhatsApp, Facebook da Google a toshe suke a intanet ɗin ƙasar, saboda haka ka zauna da Hajiya ka buɗe mata WeChat tun kana gida, ka nuna mata inda za ta danna. Ka gaya mata kuma cewa tsakanin Accra da Sin akwai tazarar awa 8: lokacin da ta idar da sallar Asuba, kai azahar ta riga ta yi maka.

Batun abinci ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Ka haddace haruffa biyun nan, 清真, ana karanta su "cing-jen", ma'anarsu halal. Za ka gan su a kan allon shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi 'yan arewa maso yammacin ƙasar ne suke riƙe da su, kuma da wuya ka zaga unguwa a babban birni ba ka ci karo da ɗaya ba. A sauran gidajen abinci kuwa, ko ganye ka ce a soya maka, yana yiwuwa da kitsen alade aka soya shi. A Guangzhou, unguwar Xiaobei, wadda ke kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita ce zangon baƙi, a nan za ka ji Hausa da Larabci da Faransanci a titi ɗaya. Ranar Juma'a ka nufi masallacin da ke wajen kabarin da Musulmin Sin suke jingina wa sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, inda bayan sallah ake gaisawa, ake samun labarin ɗakin haya da na dillalin da ya cuci wani.

Sai dai wanda ya tsaya a Xiaobei kaɗai zai shekara biyar bai yi aboki Basine ko ɗaya ba, kuma a ganina babu ƙofar da ta kai filin ƙwallon kwando sauƙin shiga. Mu a Nima ƙwallon ƙafa muka sani, amma a Sin kwando ne wasan samarin birni. Tun 1895 wasan ya shiga ƙasar ta birnin Tianjin, sannan da ƙungiyar Houston Rockets ta Amurka ta ɗauki ɗan wasan Sin Yao Ming a 2002, sai abin ya zama ruwan dare. Lardin Guangdong, inda Guangzhou take, musamman gidan kwando ne, ƙungiyarsu ta Southern Tigers da ke Dongguan ta ci kofin ƙasar sau 11. Ko a karkara haka abin yake, domin gasar ƙauyen Taipan da ke lardin Guizhou, wadda ta yi suna a 2022, shanu da awaki ake bai wa waɗanda suka yi nasara, kuma dubban mutane ne suke cika filin. Kusan kowace jami'a da kowace babbar unguwa tana da fili, a Guangzhou kuma akwai filaye da yawa a dandalin wasanni na Tianhe.

Ga yadda ake shiga. Ka je da yamma bayan an tashi daga aiki, ka tsaya a gefen rabin filin da ake wasa, ka ɗan kalli matakin 'yan wasan don kada ka faɗa cikin waɗanda suka fi ƙarfinka ko waɗanda za ka tattake. Galibi rabin fili ake bugawa, uku da uku ko huɗu da huɗu, ƙungiyar da ta fara cika adadin da aka yanka ta zauna, wadda aka ci ta fita, masu jira su shigo. Idan an tsaya shan ruwa, ka ɗaga yatsa ɗaya ka ce "jiya yi ga", wato a ƙara mutum ɗaya. Ranar da na fara gwadawa, wani dattijo mai gorar shayi da takalmin roba ne ya jawo ni cikin ƙungiyarsa, yana ta murna ya samu baƙar fata, domin a zatonsa duk wanda ya fito daga Afirka ɗan NBA ne, wato babbar gasar kwando ta Amurka. Na jefa sau uku ban saka ko ɗaya ba, shi kuma ya tsaya wuri guda yana zuba ƙwallo ta jikin allo kamar mai awon gero. Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma daga wannan dariyar aka fara kirana duk ranar Talata.

Ka riƙa miƙa ƙwallo, kada ka riƙe ta don ka nuna bajinta. Idan abokin wasa ya saka, ka ce "hao ciu", wato ƙwallo ta yi kyau. Idan wani ya ce ka yi masa keta, ka ɗaga hannu ka ba shi ƙwallo ko da kana ganin ƙarya yake yi, domin Sinawa suna ɗaukar kunyata mutum a gaban jama'a da nauyi ƙwarai, kuma faɗan da a Nima dattijon unguwa zai raba shi da tsawa ɗaya, a can yana iya kai ka ga kwana a hannun 'yan sanda, ya kuma shafi bizarka. Bayan wasa wani zai miƙo maka wayarsa ka ɗauki hoton lambarsa ta WeChat, a saka ka cikin zauren ƙungiyar, inda ake sanar da ranar wasa kuma ake raba kuɗin hayar fili daidai wa daida. Za su gayyace ka cin gasasshen nama da shan giya. Ka je, amma tun a zama na farko ka faɗa a fili cewa kai Musulmi ne, ba ka shan giya, ba ka cin alade. Sun san Musulmi 'yan ƙabilar Hui, kuma yawancinsu za su nemo maka shagon halal da kansu. Ka tabbatar kana da inshorar lafiya kafin ka fara tsalle, domin asibitocin can sai an biya ake duba mutum.

Idan kana da tsawo kuma hannunka yana da kyau, wata rana wani zai kira ka gefe ya ce akwai gasa a wani gari, mai masana'anta yana neman baƙi su buga masa, za a biya ka a hannu. Wannan shi suke kira "ye ciu", ƙwallon daji, kuma kuɗinsa yana da daɗi. Amma a idon hukuma, karɓar lada ba tare da izinin aiki ba aiki ne na haram, tararsa yuan 5,000 zuwa 20,000, ana kuma iya tsare mutum a kore shi. Ɗalibin da iyayensa suka sayar da fili a Kasoa don ya yi karatun likita bai kamata ya sa digirinsa a caca saboda wasan kwana biyu ba.

Yanzu ga tambayar da samari suka fi so. Da farko, idan wani ya ce maka yana da Momo a Sin, ba kuɗin waya yake nufi ba kamar a Accra, sunan manhajar neman abokan soyayya ne, ita da Tantan. Ana haɗuwa ta nan, amma ana kuma yin damfara ta nan: wadda ba ka taɓa gani ido da ido ba ta fara ba ka shawarar zuba kuɗi a wata harka, ko wadda ta nace sai wani shagon shayi da ita ta zaɓa, a ƙarshe a kawo maka lissafin da ya fi kuɗin hayarka. Haɗuwar da ta fi aminci ita ce ta hanyar mutanen da suka san ka, abokan aji, abokan ciniki, ko abokan kwando, waɗanda da zarar sun ji ba ka da aure za su fara lissafa maka 'yan'uwansu.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda neman aure a can ya yi kama da namu. Iyaye suna ciki tsundum. A lambun da ake kira People's Park a Shanghai, duk ƙarshen mako iyaye suna jera lema a ƙasa, su manna takarda mai ɗauke da shekarun ɗansu ko 'yarsu, tsawo, albashi da ko akwai gida, suna neman suruki, sau da yawa 'ya'yan ma ba su sani ba. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35, don haka iyayen yarinya suna da zaɓi, kuma tambayarsu ta farko ita ce gida da mota da aikin yi. Akwai kuɗin aure da suke kira "caili", wanda dangin ango suke bai wa dangin amarya, ana son adadin ya ƙunshi lamba 8 saboda suna ɗaukar ta alamar arziki. Idan yarinya ta ce ka zo ka ga iyayenta, musamman a bikin sabuwar shekararsu, ka ɗauke shi kamar ranar da kawunnanka za su kai goro, kada ka je idan ba aure ne a ranka ba. Ka riƙe 'ya'yan itatuwa da ganyen shayi mai kyau, ka miƙa da hannu biyu. Kada ka kai agogon bango, domin furucinsa a harshensu ya yi kama da raka gawa, kuma koren hular Mauludinka ka bar ta a akwati, don a wajensu mai koriyar hula shi ne mijin da matarsa take cin amanarsa.

Doka ba ta yarda namiji ya yi aure kafin shekara 22 ba, mace kuma kafin 20, kuma mace ɗaya tak ta halatta. Ƙara ta biyu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Saboda haka wanda ya bar mata a Maamobi ya faɗi gaskiya tun farko, domin ofishin rajistar aure zai nemi shaidar cewa ba ka da aure, wadda aka tantance. Ɗaurin aure a gaban liman kaɗai bai zama aure a wajen hukuma ba. Auren Basiniya kuma zai iya ba ka izinin zama na iyali, amma ba ya ba ka izinin aiki. Ghana ta yarda mutum ya riƙe fasfo biyu, Sin ba ta yarda ba, kuma yaron da aka haifa a can wanda ɗaya daga iyayensa Basine ne, ɗan ƙasar Sin ne a dokarsu. 'Yan'uwa mata masu zuwa karatu ko saro kaya, ku ma waɗannan ƙa'idoji sun shafe ku, kuma duk wanda ya zo da maganar aure, Basine ne ko ɗan gida, ku sa wani babba a cikin jama'armu ya bincika shi kamar yadda za a yi a zango.

Maganar da ta fi wuya ita ce ta inda za a zauna. Yawancin 'yan birnin da aka haifa daga 1980 zuwa 2015 su kaɗai ne a wajen iyayensu, saboda dokar haihuwar ɗa ɗaya ta wancan zamani, don haka yarinyar da kake so wataƙila ita ce za ta riƙe uwa da uba idan sun tsufa, kai kuma Hajiya tana jiran ka dawo. Ku yi wannan magana, da ta addinin 'ya'ya, kafin a kai ga caili. Idan da hali, ka nema mata bizar Ghana ta zo ta yi mako biyu a gidanku na Nima, ta kwana da zafin watan Maris, ta ji kiran sallar Asuba daga masallatai huɗu a lokaci guda, ta shiga trotro zuwa Makola, ta zauna a tsakar gida da gwaggonninka suna kallon yadda take cin tuwon zafi da hannu, sannan ka sake tambayar ta.